Ƙofar Jirgi a Bayan Jajimaji

Shekarar da tsuntsayen nan jan-baki suka addabi gonakin shinkafa a fadamarmu, aka turo wani ɗan ƙaramin jirgi mai feshi ya sauka a tsohon filin jirgin Nguru. Rabin gari ya tafi kallo. Ni ma na rufe rumfata ta yadi na bi jama'a, ko da yake a lokacin na haura arba'in, ina da mata da 'ya'ya. Mutane suka kalla suka ƙoshi suka watse, aka bar ni ni da wani mutum dogo, siriri, mai tabarau, muna tsaye a rana muna leƙen farfela daga inda mai gadi ya ce mu tsaya.

Shi ya fara yi mini magana. Ya tambaye ni ko na lura fiffiken a ƙasan gangar jikin yake, ba a sama ba, kuma ko na san dalili. Na ce na lura, dalili ne ban sani ba. Ya tsuguna ya zana mini a ƙasa da tsinke. Daga nan na ji cewa malamin makarantar sakandare ne a Gashua, yana koyar da zane da aikin katako, kuma ranar ya nemi izini ne a wurin aiki ya hau mota musamman don ya ga jirgin nan. Na kai shi gidana ya ci tuwo, ya yi la'asar, na raka shi tasha. Tun daga ranar nake kiransa Malam, shi kuma yana ce mini Alhaji.

Ni dai tun ina yaro in na ji ƙarar jirgi sai na fito waje, amma ban taɓa sanin cewa abin yana da ilimi ba sai da na haɗu da shi. Malam bai damu da manyan jiragen zamani ba. Ya ce duk kamarsu ɗaya, kamar buhunan siminti. Tsofaffi yake so, waɗanda aka daina ƙerawa tun kafin a haife mu, musamman waɗanda ba a yi da yawa ba har aka manta da su. Yana cikin wani zaure a waya, na mutane masu irin wannan sha'awa, wasu a Ikko, wasu a ƙasashen Turai, yawancinsu tsofaffi da suka ajiye aiki. Wani zai turo hoto mai dishi-dishi, wataƙila jela kawai ake gani ko rabin inji a bayan wasu mutane da suka tsaya ɗaukar hoto, sai a ce to, wane jirgi ne wannan? A yi ta musu, wani lokaci har mako, kafin a tsaya a kan magana ɗaya. Ya sa ni a ciki. Turancina na kasuwa ne, don haka karatu nake yi, in ina da ta cewa sai in kira shi in faɗa masa ya rubuta da sunanmu mu biyu.

A hankali idona ya buɗe. Na koyi duba siffar jela, da yawan tagogi, da yadda taya ke tsaye, da ko hancin jirgin mai tsini ne ko mai kumburi. Na kan zauna a rumfa tsakanin azahar da la'asar, lokacin da ciniki ke mutuwa, ina jan hoto da yatsu biyu har ya farfashe. Maƙwabtana na kasuwa suka sa mini suna direba. Matata ba ta hana ni ba, sai dai ta ce ita a saninta mai kiwon tantabara ya fi mu, don shi aƙalla yana taɓa abinsa da hannu. Ni dai na shiga jirgi shekarar da na sauke farali. Malam kuwa bai taɓa shiga ba. In an tsokane shi da wannan sai ya yi murmushi ya ce ai mai sayar da turare ma ba duka yake shafawa ba.

Mun yi shekaru a haka. Wata ran shi ya zo Nguru, wata ran ni in je Gashua, in taho wa iyali da bandar kifi. Gidansa na kusa da kogi, yana da wata rumfar kara a tsakar gida inda muke zama. Matarsa mace ce mai kawaici, 'yar Jakusko, ta kan aiko mana da burabusko da miyar kuka, ba ta taɓa tambayar abin da muke kallo a waya ba.

Labarin ƙofar daga bakin ƙanenta ya fito, wani mai tuƙa a-kori-kura da ke bin kasuwannin ƙauye. Ya ce ya kai kaya wani ƙauye a bayan Jajimaji, ya ga wani tsoho ya rufe ɗakin da yake ajiye harawa da wata irin ƙofa mai lanƙwasa, fara, marar nauyi, mutanen wurin suna ce mata ƙofar jirgi. Ya faɗa ne don a yi dariya. Malam bai yi dariya ba. Ya kira ni a ranar, muka sa rana.

Muka haɗu a Jajimaji ranar kasuwa, ni daga yamma shi daga gabas, muka ɗauki 'yan acaɓa biyu. Hanyar yashi ce, tsakanin goruba da gonakin gero da aka riga aka girbe. Sau da yawa sai mun sauka mun taka, babur ya fita daga yashi sannan mu sake hawa. Da muka isa muka fara zuwa gaishe da Bulama, kamar yadda ya kamata, ya haɗa mu da wanda ya kai mu gidan tsohon. Tsohon ba ya jin Hausa sosai, Malam ne ya yi masa magana da Barbarci. Ya yi mamakin a ce mutum biyu da furfura sun taso daga birni don ƙofar ɗakin harawa, amma ya shimfiɗa mana tabarma, ya sa aka kawo ruwa, sannan ya kai mu.

Ina ganinta na san ba ƙarya ba ne. Alminiyon ce, ta lanƙwashe daga sama zuwa ƙasa kamar bayan ƙwarya, kusurwoyinta a zagaye. An jera mata ƙananan ƙusoshi layi-layi, a daidaice, irin aikin da babu maƙerin da zai yi shi da guduma. Inda mariƙi yake a da ya zama rami, tsohon ya zura igiya a ciki yana ɗaurewa a jikin wani turke. Rana da ruwa sun cinye fentin, sai wani ɗan zane mai duhu da ya ratsa ta a tsakiya, shi ma sai an karkata kai ake ganinsa. Malam ya ɗora tafin hannunsa a kanta yana shafa ta. Awaki suna ta kewaya mu suna jan harawa ta ƙasa.

Na fito da tef ɗin da nake awon yadi da shi, muka auna tsawo da faɗi, muka ɗauki hotuna. Muka nemi wata lamba ko rubutu ba mu samu ba. Cikin ƙofar ba mu iya gani da kyau ba, domin an lafta mata laka da tsohuwar tabarma saboda zafi, kuma an ɗaure ta da waya a jikin azara. Mu baƙi ne, ba mu ga dacewar mu ce a kwance wa mutum ƙofa ba. Da Malam ya tambayi asalinta, tsohon ya ce shi ma a gidan ya tashi ya gan ta. Abin da ya ji shi ne mahaifinsa ya karɓo ta a Nguru wajen wani ma'aikacin jirgin ƙasa, ya ɗoro ta a kan raƙumi. Bai taɓa jin an ce jirgi ya faɗi a yankinsu ba, Bulama ma ya ce bai ji ba.

Da muka tashi tafiya, Malam ya zauna a bakin tabarma zai sa takalminsa, takalmin ya ƙi shiga. Na duba na ga ƙafafunsa sun kumbura har idon sawu ya ɓace. Ya ce zaman babur ne. Ya take bayan takalmin ya sa shi kamar silifa, muka kama hanya.

Hotunan sun tayar da ƙura a zauren. Aka yi ta kawo sunaye ana jefarwa, har magana ta tsaya a kan jirage biyu da kamfani ɗaya ya ƙera, waɗanda aka yi jigilar fasinja da su a ƙasar nan kafin samun 'yanci. Ɗaya ƙarami ne mai inji biyu, Turawa suka sa masa sunan kurciya da harshensu. Ɗayan an ja tsawonsa an ba shi inji huɗu, aka sa masa sunan zalɓe. Mu ma sai muka riƙa kiransu Kurciya da Zalɓe. Matsalar ita ce a kan ƙirar na farkon aka gina na biyun, sassansu da yawa kamarsu ɗaya. Ni na ce Kurciya ce, don ita ce za ta fi sauƙin sauka a ƙaramin fili irin namu. Malam ya kafe a kan Zalɓe, yana kafa hujja da yadda zanen nan ya ratsa ƙofar. Wasu ma suka ce ba ko ɗaya, wataƙila murfin ma'ajiyar kaya ne na wani jirgin dabam. Wani tsohon Bature, wanda ya ce ya yi aikin gyaran irin waɗannan jirage yana saurayi, ya rubuta cewa in za a samu hoton cikin ƙofar, wajen da ake maƙala ta, shi zai iya raba gardama. Muka ce za mu koma bayan salla.

Ba mu koma tare ba. Kafin salla fuskar Malam ta fara kumbura da safe, abinci ya daina zama masa, yana hawa aji yana haki. Aka yi gwaji aka ce ƙoda ce, duka biyun. Duk wanda ya san Gashua ya san abin da wannan magana take nufi. Da wuya ka zauna a majalisa a garin ba ka ji an ambaci wani da ciwon ya kama ko ya ɗauke ba, kowa da abin da yake zargi, wasu su ce ruwa, wasu su ce maganin feshi, babu wanda ya tabbatar mana. Malam da kansa ya raka abokan aikinsa biyu makabarta a kan wannan ciwon. Da ya kira ni ya faɗa mini, bai yi dogon bayani ba.

"Alhaji, layi ya zo kaina," in ji shi. "Ka sa ni a addu'a."

Aka fara kai shi wankin ƙoda a wani babban asibiti mai nisa. Tafiyar kanta wani ciwon ce. Ƙanen matarsa ya kan shimfiɗa masa katifa a mota, su tafi, a wanke, su dawo, kafin ya huta lokacin wani wankin ya yi. Ya bar koyarwa. Na riƙa zuwa duba shi duk lokacin da na samu wanda zai tsare mini rumfa. Na kan same shi a rumfar karan nan a kwance, fatarsa ta yi duhu ta bushe, yana ta susa. An hana shi gishiri, an hana shi kifin da ya tashi da shi, ruwa ma sai an auna masa a ɗan kofi. Wannan ya fi komai damunsa. Ga kogi a bayan gida yana jin masunta suna kiran juna, shi kuwa sai dai ya jiƙa leɓe.

Idonsa ya yi rauni, ba ya iya kallon waya, sai ni nake karanta masa abin da ake yi a zauren, ina tuntuɓe a kan kalmomi yana gyara mini. In aka turo sabon hoto sai in kwatanta masa da baki: fiffike a sama, inji ɗaya, jela mai zagaye, taya ƙarama a baya. Ya rufe ido ya yi tambaya ɗaya ko biyu, sannan ya faɗi suna. Wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kuskure, abin da a da ba ya yi. Ran da ya kuskure ba na faɗa masa sai ya tambaya, kuma kullum sai ya tambaya.

Matarsa ce ta tare ni a zauren gidan wata ran zan fita. Ba ta saba tsayawa magana da ni ba bayan gaisuwa. Ta ce ita ba ta san kan abin da muke yi ba, amma ran da na zo ya kan ci abinci, ya kuma yi barci. Ta roƙe ni in ba zai takura ni ba in riƙa ƙara zuwa. Na ce to.

Da damina ta kama, ya fara yi mini maganar ƙofar a kai a kai. Yana so in koma in roƙi tsohon a kwance ta, a kankare lakar, in ɗauko hoton da Baturen nan ya nema. Na gwada sau ɗaya ruwa ya mayar da ni daga Jajimaji, 'yan acaɓa suka ce ko an ninka musu ba za su shiga ba. Da aka samu kwanaki ba ruwa na sake komawa, na tafi da turmin atamfa don iyalin tsohon da yadin shadda nasa.

Na tarar tsohon ya rasu tun kafin azumi. Babban ɗansa ya karɓe ni da mutunci, na yi masa ta'aziyya, na ba shi abin da na kawo. Ɗakin harawar na nan, amma an sa masa ƙofar langa-langa. Ya ce bayan rasuwar wasu 'yan gwangwan sun zo da kura suna sayen tsofaffin ƙarafa, suka ga ƙofar suka ce alminiyon ce mai kyau, masu yin tukwane za su so ta. Ya ce da ya san muna da buƙata da ya ajiye mana, ya ɗauka kallo kawai muka zo yi. Ban ga laifinsa ba. Na tambaya ko ya san inda suka nufa, ya ce irin mutanen nan ba su da gari.

A hanyar Gashua na yi ta saƙa da warwara. Na yi tunanin in ce masa ruwa ya sake hana ni, ko in ce tsohon ya yi tafiya. Amma da na shiga na gan shi ya sa an tashe shi zaune an jingina shi da matashi yana jirana, sai na faɗa masa yadda abin yake. Ya fara yi wa tsohon addu'a tukuna, sannan ya tambaye ni ko na tabbata tukwane aka ce. Na ce haka ɗan ya faɗa.

"To ai shi ke nan," ya ce. "Wata tana can tana dafa wa 'ya'yanta tuwo a ciki. Allah ya sa ta yi mata albarka."

Ya nemi a kwantar da shi. Na zauna har la'asar, bai ƙara magana a kai ba, ni ma ban tayar ba. Ya tambaye ni labarin kasuwa, da ko ciyawar kacalla ta sake toshe hanyar ruwa a wajenmu, da karatun babbar 'yata. Da zan tafi ya ce in rubuta wa mutanen zauren da kaina, kada in jira shi, Turancina ya isa. Na rubuta a mota, layi uku, na daɗe ina gogewa ina sakewa. Baturen ya amsa da cewa abin baƙin ciki ne, kuma yana gaida Malam.

Bayan wannan jikin ya yi ta baya. Wankin ya daina riƙe shi, tafiyar ma ta gagara. Zuwana na ƙarshe bai gane ni da wuri ba, sai da matarsa ta ce masa Alhaji ne na Nguru. Ya riƙe hannuna, hannun ba nauyi, yana ta motsa baki. Na karanta masa abin da ya sawwaƙa na addu'a, na fito.

Ina rumfa da hantsi ina yanka wa wata mata yadi ƙanen matarsa ya kira ni ya ce Malam ya rasu. Na bar almakashin a kan yadin na nufi tasha. Shekarar ruwa ya yi yawa, ya ci wani sashe na titi, motoci suna bi ɗaya bayan ɗaya ana tura su. Kafin in isa an riga an kai shi. Na tarar da mutane suna dawowa daga makabarta da laka a ƙafafunsu. Wani ɗalibinsa na da, wanda yanzu kafinta ne, ya koma da ni ya nuna mini kabarin, na tsaya na yi masa addu'a ni kaɗai.

Na yi zaman makoki tare da danginsa a ƙofar gida. Yawancinsu ba su san ni ba. Wani yayansa da ya zo daga ƙauye ya tambayi na kusa da shi da yarensu na Badanci ko ni wane ne, aka ba shi amsa, sai ya juyo ya ce mini da Hausa ashe ni ne abokin nasa na jirgi. Na ce ni ne. Ya gyaɗa kai ya ce marigayin tun yana ƙarami haka yake, ana noma yana kallon sama, mahaifinsu har ya gaji da faɗa. Mutane suka ɗan yi murmushi, aka sake ɗaga hannu aka yi fatiha, wasu baƙin suka iso aka matsa musu.

Da matarsa ta fita takaba 'yan'uwanta suka zo suka mayar da ita Jakusko da yaran. Na je ranar na taya su ɗaura kaya a mota. Gidan an ba wani ma'aikacin asibiti haya, na ji an ce ya rushe rumfar karan ya yi wa babur ɗinsa ɗaki a wurin. Ban je na gani ba. Yanzu in harka ta kai ni Gashua, daga tasha nake wucewa kasuwa, in gama abin da ya kawo ni, in nemi motar Nguru tun rana ba ta yi sanyi ba.